Kwantaccen Cikin Salima

Shekarar da cikin Salima ya taso, mijinta Imrana ya yi damina biyu bai tako Tamaske ba. Yana can Tamanrasset yana ɗaukar siminti. A garinmu kuwa ba sai ka shiga lakkwal, wato makarantar boko, za ka iya irin wannan lissafi ba. Tsofaffin da ba sa tuna abin da suka ci jiya, su suka fi kowa tuna ranar da Imrana ya hau mota. Aka fara da kallo, aka koma zunɗe, daga baya in ta doso rijiya sai hira ta mutu.

Salima 'yar Tanimu mahauci ce. Tanimu kuma taubashina ne, uwarsa ƙanwar ubana ce. Ni sunana Yaƙubu, tela ne ni, kuma rumfata tana fuskantar teburinsa a kasuwa tun muna da baƙin gashi. Mun zagi juna fiye da yadda muka gaisa, kamar yadda taubasai suka saba: ni in ce da shi mai warin tumbi, shi ya ce da ni ɓarawon ƙyalle. Saboda haka abin da zan faɗa a kansa ba a bakin wani na ji ba. Ina ƙaunarsa, kuma har gobe akwai abin da in na tuna sai in ji kamar in shaƙe shi.

Gidansu gidan maharba ne, cikin Aznan da suka riga kowa zama bisa duwatsun Adar. Kakansa ya mutu goshinsa bai taɓa ƙasa ba, ubansa ya fara salla da furfura, shi kuwa Tanimu ba a raba shi da sahun gaba. Sun bar tsafi, sun rataye kwari da baka don naman dajin ma ya ƙare. Abu guda ne suka kasa bari, karnuka. Ban taɓa shiga gidan ban tarar da biyu ko uku kwance gindin rumbu ba. Maƙwabta sun yi ta ƙorafi, wai mala'iku ba sa shiga, har Tanimu ya gaji ya sa wa wata karya suna Bar-su, don in ya kira ta da ƙarfi unguwa duk ta ji amsarta.

Fawa ba gado ya yi ba. Ci-rani ya tafi Abijan kamar kowane saurayin Adar, ya fara da gasa nama bakin titi, daga nan ya shiga mahauta ya koyi fiɗa. Da idon ubansa ya mutu sai ya dawo gida, ya auri Mairamu, ya kafa tebur. Mahautan gado sun yi masa dariya da farko, amma ba a daɗe ba mata suka fara aiko 'ya'yansu da cewa, in ba na Tanimu ba ne a dawo da kwanon. Dalili kuwa ɗaya ne, yadda yake duban hanta.

Na kalli wannan aiki har na haddace shi. Zai aza hantar bisa tebur, ya shafa ta da tafin hannu, ya matsa nan ya matsa can, sannan ya tsaga ta wajen jijiyoyin matsarmama. Abubuwa uku yake nema. Na farko wata aba ce shimfiɗaɗɗiya, mai kama da jiƙaƙƙen ganyen dogon-yaro, launinta toka-toka, tana kwance cikin jijiya tana motsi a hankali. Shanun da suke sha a tabki suka fi kawo ta, kuma kafin ka gan ta za ka ji wuƙa ta yi ƙaras, don jijiyar ta yi tauri. Yakan ɗora ta bisa tafinsa ya nuna mini gefen da ya fi tsini ya ce nan ne kanta, ni kuwa in ce ya kawar mini da ita ina cin goro. Na biyu wasu fararen ƙwayoyi ne kamar shinkafa, su ba a hanta ba, a zuciya da harshen shanu. Na uku shi yake kira jakar ruwa. A hanta da huhun raƙumi da tsofaffin tumaki ake samunta, fara, a ɗaure tam, wata kamar goro, wata ta kai kan jariri. In ka huda ta sai ruwa garau ya yi tsartuwa, a ƙasansa kuma akwai wani farin yashi mai laushi. Ita ce ya fi rainawa a cikin ukun, yana cewa ruwa ne kawai.

Wasu mahautan in sun ga irin wannan sai su yanke wurin, su juya hantar ta gefen da ya fi kyau, su sayar. Tanimu ba ya yi. "Abin da ba ni ci, ba ni saida ma ɗan mutane shi," haka yake cewa, da ƙarfi, don na kusa da shi su ji haushi. Sai ya yi fito, karnukan kasuwa su taru, ya jefa musu. Wadda ta fi tsoka kuma ya ƙunshe ta a leda ya kai wa nasa na gida. Haka ya yi shekara da shekaru, muna yaba masa, har liman ya taɓa kawo misali da shi a wa'azi.

Salima ita kaɗai ce mace a cikin 'ya'yansa, kuma ita ta ɗauko bakinsa. Tun tana rarrafe take hawan bayan karnukan nan, ta ja kunnensu, ta kwanta jikinsu in rana ta yi zafi, ta tashi ta sa hannu a kwanon tuwo. Da ta girma ta zama yarinya mai dariya da hanzari, wadda in ta kawo mini ɗinki sai ta tsaya a kaina tana cewa, "Baba Yaƙubu, ragowar atanhwata hwa, na san yawanta." Imrana ita ta zaɓe shi, ba wanda ya matsa mata. Sun zauna 'yan watanni, damina ta ƙi, ya bi sauran samari arewa. Ita kuma ta zauna gidan uwarsa, Jima, tana daka tana ɗiban ruwa tana jira.

Da maganar cikin ta cika gari, Mairamu ce ta samo mafita. Ta tuna cewa gab da tafiyar Imrana, Salima ta yi ɓatan wata, daga baya jini ya zo. Sai ta yafa mayafi ta tafi gidan Jima, ta faɗa a gaban mata:

"Kwantaccen ciki na. Tun kahin Imrana shi tahi anka same shi, yak kwanta, yanzu Allah ya tashe shi. Ko ni an ce haka innata tay yi da ni."

Wanda bai san garinmu ba zai yi dariya, amma mu mun taso mun tarar ana cewa ciki yakan kwanta a jikin mace shekara ɗaya, biyu, har fiye, sannan ya tashi a haife shi. Kuma ba zan ɓoye ba, a ƙasar da maza suke shekaru a waje, wannan magana ta rufa wa gidaje da yawa asiri. Jima ta karɓa da baki, ban san zuciyarta ba. Mata suka yi barka da murya sama-sama. Aka shiga jiƙa wa Salima saiwoyi don ɗan ya yi ƙwari.

Mutum ɗaya ne ya ƙi yarda, ita mai cikin. Ta faɗa wa uwarta, ta faɗa wa uwar mijinta, ta zo har rumfata ta faɗa mini, tana riƙe da gefen teburin keke don tsayuwa ta fara yi mata wuya.

"Baba Yaƙubu, ni ban jin motsi. Wanga abu ba ɗa na ba. Nauyi na kawai, kamar an aza min dutsi. Ka ce ma Baba shi kai ni likita."

Na tsallaka na same shi yana wasa wuƙa. Na faɗa masa. Bai ɗago ba.

"In munka kai ta," in ji shi, "sunka aza mata na'urar ga tasu, sunka ce wata biyat, ina za mu sa kanmu? Yanzu dai magana ta kwanta. A bari ta haihu."

"Ita ta ce ba ciki na ba."

"Yarinya ta, mi tas sani?"

"To kai dai ba ka yarda da ita ba na."

Ya ɗago ya dube ni da wani ido da ban san shi da shi ba, ya ce in koma kan ɗinkina. Na koma. A nan ne abin ya ɗaure: da zarar ka tara mutane ka ce ciki ne, to ba ka da sauran aiki sai jiran haihuwa. Likita ya zama abokin gaba, tunda shi na'urarsa ƙirga watanni take yi, ba ta san kwanciya ba. Tanimu, mutumin da ba ya sayar da hanta sai ya tsaga ta ya gani da idonsa, shi ne ya zaɓi kada a duba 'yarsa. Wannan shi ne abin da na ce in na tuna raina yana ɓaci.

Aka girbe gero, aka ɗaure dammuna, aka shiga dashen albasa a fadama. Wata tara ya wuce, babu naƙuda. Mata suka ce ya sake kwantawa. Salima kuwa sai ƙashin wuya, hannuwa suka zama sirara, farin idonta ya koma rawaya, in ta yi 'yar tafiya sai ta tsaya tana neman numfashi. Jima ta ce ba za ta iya jinya ba, aka maido ta gidan ubanta. Imrana da yake kira a kai a kai ya rage kira, don maganar ta riga ta isa Tamanrasset a bakin masu zuwa.

Wata safiya Tanimu zai fita kasuwa, ya tarar da ita zaune bisa turmi a tsakar gida, ta jingina da bango, zanen ya ɗan zame. Tun da abin ya fara yake kauda kai in ta gifta, don kunya da kuma abin da ke ransa. Ranar dai ya duba. Daga baya ya gaya mini abin da ya gani. Kumburin ba a mara yake ba, a sama yake, ƙarƙashin haƙarƙarin dama, har ya ture su waje. Mutumin da ya buɗe cikin tumaki ba adadi ya san inda mahaifa take zama. Ya zo rumfata ko sallama babu.

"Yaƙubu, tashi. Ɗa ba ya zama nan. Nan hanta take."

Muka ɗauke ta a motar haya zuwa Tawa, ni da shi da Mairamu. An tafi da ni ne don na yi 'yan shekaru a lakkwal, ina tsintar Faransanci. Hanya ta ba ta wuya ƙwarai. Duk ramin da mota ta faɗa sai ta damƙe hannun uwarta, amma ba ta yi kuka ba. A babban gidan likita aka shafa mata wani mai a ciki, aka aza na'urar da suke kira eko, wadda muka yi watanni muna gudu. Likitan ya daɗe yana kallo, sannan ya kira mu.

Ya ce ba ciki ba ne, kuma babu alamar an taɓa yin wani a kusa. Tanimu ya ɗaga hannu sama ya ce alhamdu lillahi har sau uku, fuskarsa ta washe. Na ji kunya ta kama ni a madadinsa, don Salima tana kwance tana kallonsa, kuma ta ga wannan farin ciki, ta kuma san abin da yake nufi. Likitan ya bari ya gama, sannan ya juyo da allon wajenmu. Ya nuna wani baƙin da'ira da ya cinye fiye da rabin hantar, a cikinsa akwai wasu ƙanana birjik. Ya ce jaka ce cike da ruwa, ta danne hanyar matsarmama, ta fara ruɓa, akwai kuma wata a huhu. Ya ce da an zo tun bara da aikin ya zo da sauƙi.

Tanimu ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa allon. "Na san ta," in ji shi. "Jakar ruwa ta. Ga raƙumi nika ganinta." Sai ya juya wajen likitan da sauri. "Amma lokotoro, wallahi ban taɓa kai irinta gida anka dahwa ba. Ko sau guda."

Likitan ya ce ba ta cin hantar ake ɗauka ba, za a yi masa bayani, yanzu dai a shirya ta. Aka ba ta magunguna, aka ƙara mata jini, aka shiga da ita ɗakin tiyata. Mun zauna ƙarƙashin wata bishiya tun hantsi har aka yi la'asar. Da aka fito da ita tana numfashi, amma fuskar likitan ba ta ba ni ƙarfin gwiwa ba.

Washegari aka tura mu wani ɗaki da suke kira labo, wurin wani ma'aikaci mai suna Abdulaziz, mutumin wajen Buza, wanda ya yi mana magana da harshen gida. Ya nuna mana abin da aka ciro a cikin wani kwanon ƙarfe: farar fata mai kauri, da ƙananan jakunkuna masu sheƙi da ba su ƙirguwa. Ya ɗebi ɗigon ruwan daga ƙasa, inda farin yashin yake, ya ɗiga bisa gilashi, ya sa ƙarƙashin madubin nan mai ƙara girman abu. Ya ce Tanimu ya rufe ido ɗaya ya leƙa.

Ya leƙa, ya ja da baya, ya sake leƙawa. Ni ma na duba. Abin da muke ce wa yashi ashe ba yashi ba ne. Kowace ƙwaya wata halitta ce mai siffar ƙwai, a tsakiyarta akwai zobe na 'yan ƙugiyoyi a jere, masu lanƙwasa, an tsara su tsaf. Abdulaziz ya ce kowace ɗaya kan tsutsa ne da ya naɗe cikin kansa yana jira, kuma da waɗannan ƙugiyoyi ake gane ta, ba a haɗa ta da wata. Ya murɗa wani abu a jikin madubin ya nuna mana wata da ta warware, sai ga wasu 'yan faifai huɗu kewaye da kan. Ya ce ba bakuna ba ne, da su take manne wa hanji.

Sannan ya buɗe durowa ya ɗauko wata 'yar kwalba da ya ajiye tun yana karatu. A cikin ruwan akwai wasu fararen zarurruka, kowane bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba. Ya ce ga uwar. Ya sa ɗaya a madubi: kai mai ƙugiyoyi irin na ɗazu, siririn wuya, sai gaɓoɓi uku shimfiɗaɗɗu, na ƙarshen ya fi sauran girma. Ba ta da baki, ba ta da hanji, ta fatar jikinta take shan abinci. Ita ce namijin, ita ce macen. Gaɓar ƙarshen nan kuwa buhun ƙwai ce kawai, in ta cika sai ta tsinke ta bi kashi ta fita. Ya ce dangi ɗaya suke da mai kama da ganyen nan ta hantar shanu, kuma suna da wasu dangin a teku, ƙanana ƙwarai, suna yawo tsakanin ƙwayoyin rairayi ba sa cutar kowa. Tanimu ya ce ya ga teku a Abijan. Daga nan ya tambayi abin da ya kawo mu.

"Uwar ga, cikin wa take zama?"

"Cikin hanjin kare," in ji Abdulaziz. "Kare ba ya jin komi. Shi yi kashi, ƙwai su bi ƙasa, su bi haki, su manne ga gashinai. Tunkiya ko raƙumi su ci haki, jaka ta hito musu ga hanta. Yaro shi shahwa kare shi kai hannu baki, shi ma ta hito mashi, tana girma sannu-sannu, shekara goma ko hiye. Akwai kare gidanku, Baba?"

Tanimu ya ce akwai.

"To shi kuma kare, ba ya samunta sai ya ci hanta ko huhu mai jakar ga, ɗanye. Ku can, in mahauci ya ga irinta, mi yaka yi da ita?"

Abdulaziz bai san sana'ar Tanimu ba, tambaya ce kawai ya yi. Na buɗe baki in kawar da zancen, Tanimu ya ɗaga mini hannu. Ya tsaya yana kallon tafin hannunsa na dama. Ya ce, da murya ƙasa-ƙasa, "Hito nika yi musu. Wadda tah hi kyau kuma ni kai ma na gida." Abdulaziz ya gane, ya yi ta ba shi haƙuri, yana cewa mutane da yawa ba su sani ba, ya kamata a ƙone ta ne ko a binne da zurfi. Ban ce Tanimu ya ji ko kalma ɗaya ba. Da muka fito sai ya zauna a ƙasa bakin ƙofa, mutane suna tsallake ƙafafunsa.

Salima ta farfaɗo, ta sha ruwa, har ta tambaye ni ko na bar rumfa a buɗe. Muka fara sa rai. Sai zazzaɓi ya shigo, rawayar idon ta ƙaru, robar da aka sa mata a ciki tana ta zubar da wani koren ruwa. Likitoci sun yi iya yinsu, na shaida. Ita kuwa ta san inda aka dosa. Ta roƙi abu guda a gabanmu duka: a zuba abin da aka ciro a kwalba, a kai Tamaske, a nuna wa Jima da matan rijiya, a kuma gaya wa Imrana. Daga nan ta ce ni da uwarta mu ba ta wuri, tana son magana da ubanta. Muka fita. Ba a jima ba shi ma ya fito. Washegari kafin azahar ta cika, muka yi mata sutura a Tawa.

Ya cika mata alkawari. Abdulaziz ya zuba masa jakunkunan a wata babbar kwalba da ruwan magani, ya rungumo ta a mota har gida. Ranar da aka taru zaman makoki, ya ratsa maza ya shiga har wurin mata, abin da ba a yi, ya dire kwalbar bisa tabarma gaban Jima.

"Ga jikan naki," in ji shi. "Ku dube shi da kyau, ku duka."

Mata suka ja da baya, wasu suka toshe hanci ko da yake ba wari. Sai ya ba su labarin tun daga kan hanta har zuwa karnuka, bai rage komai ba, ya ce hannunsa ne. Jima ta fashe da kuka tana cewa ai su dama ba su ce komai ba. Na ji wata a baya tana raɗa wa ta kusa da ita cewa likitoci ma sun iya rufin asiri. Da ba gidan mutuwa ba ne da na faɗa mata abin da ba za ta manta ba. Imrana da aka kira shi a waya aka faɗa masa, sai muka ji yana kuka. Har yau bai dawo ba.

Karnukan gidan, Tanimu ya sa aka tafi da su bayan dutse aka kashe, bai bi ba. Ya zagaya mahauta ɗaya bayan ɗaya yana faɗa musu. Wasu sun ji, sun haƙa rami bayan kwata. Wasu sun ce baƙin ciki ne ya taɓa shi. Tebur kuwa bai ƙara kafawa ba. Ba wai an daina saye ba ne, shi ne hannunsa ya ƙi. Yanzu yana taya 'ya'yansa maza ban-ruwan albasa, in ya gaji ya zo ya zauna a bencina. Ya rame, ya daina zagina, ni ma na daina, kuma ban san akwai abin da zan yi kewa kamar wannan ba.

Ni a zatona maganar karnukan ce take cinsa. Saboda haka wata rana da rumfa ta yi shiru sai na dakatar da keke na ce masa ya sassauta wa kansa. Na ce gaskiya ce ta sa shi jefa hantar nan, ba mugunta ba, kuma abin da ido ba ya gani Allah ba zai kama shi da shi ba.

"Haka ita ma tac ce," in ji shi.

Na juyo. Bai taɓa faɗa wa kowa abin da suka yi magana a kai ba, har Mairamu.

"Da kunka hita, nic ce mata, Salima, ni na. Nig gaya mata komi, da hanta da karnuka. Sai tac ce, 'Baba, wanga ba ka san shi ba, ba ni riƙe ka da shi. Tsutsa ta, sai da madubi aka ganinta. Amma ni ka san ni. Da nic ce muku ba ciki na ba, mi ya hana ka yarda?'"

"Kai kuma mi kac ce mata?"

"Ina cikin neman abin da za ni cewa, wata mai hwarar riga tas shigo da allura, tac ce in ba su wuri. Da sunka bari nik koma, ta bar magana."